Jaɓar Ruwa da Ƙoƙon Tunau

Ku gyara zama, ku ajiye surutu. Yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalai. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, don in na kai ƙarshe ba zan maimaita wa kowa ba.

Can kudu maso gabas, inda duwatsu suka yi tsayi har gajimare ke kwana a kansu, akwai wani ƙauye da ake kira Kurmin Sama. Asalin mutanensa fatake ne. Sun hau tsaunin da jakunansu neman kasuwa, ƙasar ta yi musu, suka sauke kaya ba su sake ɗaurawa ba. Rafi ɗaya ne ke shayar da su, sunansa Zubau. Daga cikin dutse yake fitowa, ya gangaro da sanyi mai kashe haƙori, ya ratsa gefen gari ya wuce.

A cikin rafin nan akwai wata 'yar dabba da suke kira jaɓar ruwa. Na ga wasunku har sun toshe hanci. Ku saki, ba irin jaɓar bayan tukunya ba ce mai ɓata wa mutum ɗaki da wari. Wannan ba ta kai mage girma ba, gashinta sulɓi kamar karammiski, idanunta 'yan mitsi-mitsi, wutsiyarta mai faɗi irin ta kifi, da ita take iyo. Da gashin bakinta take laluben ƙarƙashin duwatsu, ta zaƙulo ƙaguwa, ta hau kan dutse ta cinye, ta bar ɓawon a nan. Kunya gare ta ƙwarai. Mutum sai ya tsufa a garin bai yi ido biyu da ita ba. Amma abu ɗaya kowa ya sani game da ita, ba ta zama a ruwan da ya ɓaci.

Kakannin garin da hawaye suka koyi wannan. Farkon zuwansu sun sauka a bakin wani rafi mai kyan gani, suka sha, ciwon ciki ya yi ta kwashe musu yara. Wata tsohuwa 'yar asalin dutsen ce ta ji tausayinsu. Ta ja su zuwa Zubau, ta nuna musu tarin ɓawon ƙaguwa a kan wani falalen dutse, ta ce inda suka ga wannan su sha, inda ba su gani ba su wuce. Tun daga ranar suka ɗora wa kansu al'ada. Kowace shekara, idan bazara ta yi tsanani ruwa ya ja baya, sai gari ya taru a bakin rafi da sassafe. Sarkin Rafi ya je kan falalen. In ya tarar da ɓawon, sai ya ɗebi ruwa a wani tsohon ƙoƙo da aka gada, ya kurɓa, ya ce, "A sha." Shi ke nan, an zauna wata shekara. In bai tarar ba, gari zai tashi. Kuma duk wanda Sarkin Rafi ya miƙa wa ƙoƙon nan ya kurɓa bayansa, shi ne magajinsa, don haka sau ɗaya tak ake miƙa shi a rayuwa.

A zamanin da nake ba ku labari, mai riƙe da ƙoƙon wani dattijo ne, Tunau. Gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, idonsa ya fara yana. Matarsa Lantana ta riga mu gidan gaskiya, an binne ta a gangaren da ke kallon rafi. Ta bar masa 'ya'ya uku, duk sun girma: Nomau babba, sai Marka, sai Korau auta.

Ɓarnar da ta sami garin daga son gyara ta zo, babu mugun nufi ko ƙanƙani a cikinta. Wata shekara wata mata mai ciki ta zame a kan dutse mai santsi, ta fasa tulu ta karya ƙafa. Mata suka taru a ƙofar gidan Tunau. Wannan ta ce ƙaguwa ta damƙe wa ɗanta yatsa, waccan ta ce ta ga maciji a cikin gorar bakin rafi. Tunau mutum ne mai saurin jin tausayi, kuma, a faɗi gaskiya, mai son a yaba masa. Sai ya kira gayya. Aka fito da ganga da kalangu, maza da mata suka shiga rafi. Aka kwashe duwatsu, manya da ƙanana, ban da falalen da ya fi ƙarfin ɗagawa. Aka sare gora da itatuwan da ke gaɓa, aka nome ciyawa, aka baje wuri. Zubau ya zama fes kamar tsakar gidan da aka share. Duwatsun ma ba a yi asararsu ba, kowa ya ja rabonsa, wani ya ɗora rumbu a kai, wani ya tayar da ɗaki. Har daga ƙauyukan kewaye aka riƙa zuwa kallo, Tunau na tsaye yana shafa gemu.

Damina na sauka, gaɓar da ba ta da sauran saiwa ta fara zubewa. Ruwa ya koma ja kamar kunun kanwa. Shanun da dā duwatsu ke hana su sauka suka sami hanya, suka riƙa shiga suna tattakawa suna abin da shanu ke yi. Da rani ya zo ruwan ya kwanta, ya yi ɗumi, ya yi kore. Yara suka fara riƙe ciki. Ranar shan ruwa ta zo, gari ya taru, Tunau ya tako kan falale da ƙoƙonsa. Ya duba, ya durƙusa, ya shafa da hannu. Ko ƙafar ƙaguwa ɗaya babu.

Mai Gari Barau, wanda suka yi wasan ƙasa tare da Tunau, shi ya yi magana.

"Sarkin Rafi, ka fi kowa sanin abin da ke biye."

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma bakina ne ya kira gayyar nan. Ina roƙon arziki, a ba ni shekara guda."

"Yaran kuma su sha me kafin nan?"

"Akwai idon ruwa a bayan tsauni. Ba zai riƙe gari har abada ba, amma in an yi tattali zai kai mu baɗi."

Dattawa suka haɗa kai, suka daɗe suna ƙus-ƙus. Daga ƙarshe Barau ya ce, "An ba ka. Amma in bazara ta zagayo falalen nan yana yadda yake, za mu gangara ƙasa, ko da kuwa a kan jaki za mu ɗaure ka."

Tunau ya koma gida zuciyarsa a dagule. Ya san gwiwoyinsa ba za su kai shi gindin tsaunin da rai ba. Amma ba wannan ne ya fi damunsa ba. Abin da ke cin ransa shi ne a ce a hannunsa gari ya watse, a bar kabarin Lantana ga ciyawa, a sa ƙoƙon kakanni a cikin kaya kamar kowane ƙoƙon shan fura. Ya kira 'ya'yansa uku, ya ajiye ƙoƙon a tsakaninsu.

"Ni na kore ta, amma ba ni da ƙafar da zan bi ta. Duk wanda ya dawo da jaɓar ruwa cikin Zubau, shi zan miƙa wa wannan."

Marka ta ce, "Baba, har da ni?"

"Mace ce ta nuna mana rafin tun farko. Har da ke."

Korau ya ce, "In tarko ne, Baba, ai ba wuya."

"A'a. Wadda aka kawo a kwando fursuna ce, ba ta shaidar komai. Da ƙafarta za ta zo, don ta ga ruwan ya yi mata."

Nomau ya tashi ya fita abinsa. Dama haka yake, manomi ne mai ƙirar ƙarfi, wanda sai a wuni tare da shi ba a ji kalma goma daga bakinsa ba. Da duwatsun gayya ya gina wa iyalinsa ɗaki mafi kyau a garin, ko laka ba ta gama bushewa a jikinsa ba. Washegari Tunau yana zaune a ƙofar gida sai ya ji rugugi. Ya tambaya, aka ce ai Nomau ne ke rushe ɗakinsa. Ya mai da matarsa da 'ya'yansa bukka, ya fara saɓar duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana gangarawa da su rafi. Kuma ba jefawa yake yi kawai ba. A rafin nan ya yi ƙuruciya, ya san inda kowane babban dutse yake zaune, ya san wanda ruwa ke karyawa a kansa da wanda ke da rami a ƙarƙashi. Sai ya tsaya, ya juya dutse sau da yawa kafin ya yarda ya zauna daidai.

Mutane suka yi ta dariya. Wasu suka ce Nomau ya taɓu, wasu suka ce son sarauta ne. Shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu da su. Da nasa duwatsun suka ƙare sai ya shiga bin gidaje. Ba ya roƙo, ba ya faɗa, sai dai ya zo ya tsaya a gaban rumbun mutum yana kallon duwatsun da ke ƙarƙashi, har mai gidan ya ji kunya ya ce, "To, ɗauka." Tun ana ba shi da tsaki har aka koma kama masa. Ya haƙo ciyawar jema daga fadama ya daddasa a gaɓa don saiwarta ta riƙe ƙasa, ya kafa gora, ya yi shinge da ƙaya ya karkatar da shanu can ƙasa da gari. Gonarsa ta cika da ciyawa bai waiwaye ta ba, damina ta yi ta dukan iyalinsa a bukka. Wata rana wani dutse ya suɓuce masa ya gurɗe masa kafaɗa, har ƙarshen labarin nan ba ta koma daidai ba. Kafin kaka ruwan Zubau ya washe, ya dawo da sanyinsa, har ana ganin yashi a ƙasa. Aka kawo wa Tunau a kwano ya sunsuna, ya ji ƙamshin dutse kamar dā. Ya sa aka riƙe shi zuwa falale. Babu komai a kai.

Marka kuwa, Allah ya ba ta abin da ya hana yayanta, wato baki. Ita ce mai sayar da ƙosai a bakin kasuwa, ta san sirrin kowane gida, kuma babu macen da ke son a ce Marka na fushi da ita. Ta zo ta leƙa ruwan, ta ɗaga dutse ɗaya, ta ɗaga biyu, ta riƙe ƙugu.

"Yaya Nomau, ka gina gida mai kyau, madalla. To me baƙuwar za ta ci in ta zo? Duwatsu?"

Gaskiyarta, ƙaguwa ta ƙare ƙaf a Zubau. Sai Marka ta kife kaskon ƙosanta, ta ɗauki tulu ta haye tsauni zuwa wasu rafuka masu nisa. Ta riƙa cusa hannu a ƙarƙashin duwatsu tana zaƙulo ƙaguwa, tana zaɓen mata masu ƙwai a ciki. Zuwan farko a cikin ruwa ta zubo su, rana ta dafa tulun, ta iso gida duk sun mutu. Ta zauna a gaban mahaifinta ta yi kuka mai isarta, sannan ta share hawaye ta koma. Ta gane cewa a kwando ya kamata a ɗauko su, a lulluɓe da jiƙaƙƙiyar gansakuka, a yi tafiya kafin rana ta ɗaga. Haka ta yi ta safa, hawa da sauka, har tafin ƙafarta ya tsage. Yatsunta kuwa, babu wanda ƙaguwa ba ta datsa ba, ɗaya ma ya kumbura ya yi ruwa har farcen ya fita.

Amma wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Mutanen Kurmin Sama suna son miyar ƙaguwa, kuma shekarar ta zo da ƙarancin abinci. Ga shi mata sun gaji da tafiyar bayan tsauni, sun fara satar jiki suna wanki da sabulu a saman rafi. In da dattawa ne suka kafa doka, da an bi ta a gabansu an karya a bayansu. Marka ta bi mata ɗaya-ɗaya. Ta lallashi wata, ta ba wata dariya, ta tuna wa wata ɗan da ta kusa rasawa da ciwon ciki. Wadda ta kama da ƙaguwa a ƙullin zani kuwa, sai da ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige. Ta mai da wurin wanki can ƙasa, kusa da mashayar shanu. Yara ta ɗora musu aikin gadi, tana biyansu da ƙosai ranar da ta samu ta soya. Sanyi bai wuce ba sai da ya zama duk dutsen da ka ɗaga ƙananan ƙaguwa su watse. Tunau ya sake zuwa falale, ya shafa. Ga ruwa garau, ga abinci birjik, amma mai ci ba ta zo ba.

A nan ne Mai Gari Barau ya zo wa Tunau da wata magana. Ya zauna kusa da shi, ya rage murya.

"Tunau, mu bar sarauta, mu yi maganar abokai. Ruwan nan ya gyaru, kowa na gani. Ƙaguwa ta samu. In ɓawo ya kwana a kan falale, wa zai tambayi wanda ya zuba?"

Kada ku ɗauka Tunau bai ji maganar ta shige shi ba. Ta shige shi har ya kasa cin tuwo. Bazara na matsowa, wasu gidajen har sun fara saƙa igiyar ɗaurin kaya. Ya daɗe yana juya ƙoƙon a hannunsa, sannan ya aika wa Barau da amsa.

"A gaya masa idona ya taɓa gaya mini rafi ya yi kyau, na yarda, ga inda ya kai mu. In na ce a sha, jikokina ne za su sha. Zan jira ta."

Saura Korau. Shi auta maharbi ne, ko kuma haka yake cewa, don ya fi dawowa da labari a kan nama. Mutum ne da zai zauna a bakin ruwa tun hantsi har la'asar yana kallon abin da shi kaɗai ya sani. 'Yan garin sun daɗe da yanke masa hukuncin malalaci. Tun ranar da aka yi alkawari ya rataya jakarsa ya kira karensa ya shige duwatsu, sai a yi wata ba a gan shi ba. Ya bi kowane rafi da kowace ƙorama, yana duba kan duwatsu. Ya sha sanyi, ya sha yunwa, matsattsaku suka sha jininsa. Ko'ina babu alama. Sai can wajen ƙarshen rani, a wani kwari da ke sama da mafarin Zubau, ya tarar da ɗan tafki a ɓoye cikin duhuwa, ga ɓawon ƙaguwa a gefe.

Abin da ya faru shi ne, dā wata 'yar ƙorama ce ke haɗa tafkin da Zubau. Shekarar da gaɓa ta zube, ƙasa da wani ƙaton kututture suka rufto suka toshe ta. Jaɓar da ta gudo sama ta maƙale a can, hanyar komawa ta yanke. Tafkin kuma yana ƙafewa, ƙaguwarsa na ƙarewa.

Duk da gargaɗin mahaifinsa, Korau ya ɗana tarko, don zuciyar maharbi ba ta ganin dabba ta haƙura. Da sassafe ya tarar ta faɗa. Ya riƙe kwandon, ga ta tana numfashi sama-sama, ga ƙoƙon sarauta kamar a tafin hannunsa. In ya sake ta a Zubau a ɓoye, wa zai sani? Da ya duba da kyau sai ya ga nonuwanta a cike, shayarwa take yi. Akwai 'ya'ya a rami suna jiranta. Ya buɗe kwandon. Ta gantsara masa cizo a babban yatsa, ta faɗa ruwa.

Ya gangaro gari ya bai wa wani Bafulatani karensa kyauta, karen da ya raina tun yana ɗan kwikwiyo, don ya san muddin jaɓar na jin warin kare ba za ta bi hanya ba. Ya koma shi kaɗai da fartanya. Bai kira gayya ba, ya ce hayaniyar mutane ce ta kore ta tun farko. Ya yi ta yasar ƙasa a hankali har ya isa ga kututturen, ya shiga ƙarƙashinsa yana sassare saiwoyin da suka riƙe shi. Ranar da kututturen ya motsa, ta kan ƙafarsa ya bi. Ƙashi ya karye, amma ruwa ya ɓalle ya kama tsohuwar hanyarsa. Ya ɗaure ƙafar da gora da igiyar jakarsa, bai tafi gida ba. Ya zauna yana jan jiki a gefen ƙoramar, yana jifan shaho da tunku, har sai da 'ya'yan suka yi ƙwarin iyo. Masu neman zuma ne suka tsince shi, ya rame ya zama kamar kara, suka ɗauko shi. Da aka shimfiɗe shi a gaban mahaifinsa, abin da ya iya faɗa ke nan: "Baba, na buɗe mata ƙofa. Ban ga shigarta ba."

Ranar shan ruwa ta zo. Gari ya taru a bakin Zubau, wasu matan har da ƙullin kayansu a kai, don kada a ce a tashi su tsaya haɗawa. Barau na tsaye ya sunkuyar da kai. Tunau ya tako a hankali, jikarsa na riƙe da sandarsa. Idonsa yanzu ba ya rarrabe komai sai haske da duhu. Ya durƙusa a kan falale, gwiwoyinsa na ƙara. Ya miƙa hannu ya shafa. Dutse ne kawai, da sanyin raɓa. Ya ƙara matsawa, ya shafa can gefe inda ruwa ke lasa. Sai wani abu ya soke shi a yatsa.

Ya ɗauka, ya murza, ya kai hanci. Ɓawon ƙaguwa ne, an ɓare shi ta baya an bar ƙafafun, yadda hannun mutum ba ya yi, ga ƙarninta a jiki. Ya laluba ya ji wani, ya ji wani, har da 'yan ƙanana irin cin yara. Jikarsa ta damƙe masa riga, ta ce cikin raɗa, "Kaka, ga wani abu can ya ja layi a kan ruwa, uku ne, sun shige ƙarƙashin dutse." Hawaye suka gangaro wa dattijon har cikin gemu, bai damu ya share ba. Ya tsoma ƙoƙo, ya kurɓa, sanyin ya kama masa sauran haƙoransa. Ya ɗaga murya yadda bai taɓa yi ba.

"A sha!"

Guɗa ta tashi har tsuntsaye suka watse daga kan gora. Mata suka jefar da ƙullin kaya, yara suka faɗa ruwa da rigunansu, Barau ya rungume abokinsa yana cewa, "Ka yafe mini, Tunau, ka yafe mini." Kurmin Sama ya zauna, kabarin Lantana bai zama na daji ba.

Da hayaniya ta lafa, sai aka lura Tunau bai zubar da sauran ruwan ba, kuma bai mai da ƙoƙon cikin riga ba kamar kowace shekara. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya juyo. Kowa ya gane. Ga Nomau da karkatacciyar kafaɗa, ga Marka da yatsunta masu tabo, ga Korau a jingine da sanda. Babu wanda ya miƙo hannu a cikinsu. Nomau ya dubi ƙasa. Marka, wadda ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba, ta rufe shi da gefen mayafi. Korau ya mai da ido kan ruwa. Tunau ya yi tsaye, yana son kowannensu har cikin ransa, ruwan na ɗiga daga bakin ƙoƙon.

To, a nan na tsaya, sauran naku ne. Kada wani ya ce mini a ba babba don shi ne babba, Tunau bai yi alkawari da shekaru ba. Kada a ce a cire Marka, an riga an ce har da ita. Kada kuma mai wayo ya ce su kurɓa su uku, ko a fasa ƙoƙon a raba, al'adar garin bakin mutum ɗaya ta sani. Da Nomau bai rushe ɗakinsa ya mai da duwatsu ba, da ruwan na nan ja, ƙaguwa ba ta da maɓoya, jaɓa ko ta leƙo za ta juya. Da Marka ba ta kawo ƙaguwa ta kuma riƙe matan gari ba, da jaɓar ta tarar da gida mai kyau babu abinci, ta wuce. Korau kuwa, in da bai gano ta ba, ko ya gano ta ya kawo ta a kwando, ko ya bar kututturen nan a inda yake, da har yau ruwa da ƙaguwa suna nan suna jiran wadda ta mutu a tafki.

Ruwan na ƙarewa a ƙoƙo, hannun dattijo ya gaji. Ku gaya mini, wa Tunau zai miƙa wa?